Abin da Ya Raba Ni da Kwanon Yaya

Kwanuka nake sayarwa a kasuwar Parakou, yau shekara ashirin da ɗoriya: samira, langa, faranti, tasa, har da kulolin da iyayen amare ke rububi. Da ido kawai nake gane kwanon da zai yi ƙarko da wanda fentinsa zai ɓare kafin damina biyu. Amma kwanon da na fi sani a duniya ba a rumfata yake ba. Yana Djougou, a gidanmu, a ɗakin yayata. Tsohon kwanon silba ne mai faɗi, bakinsa ya lotsa wuri biyu, gindinsa ya yi baƙi ƙirin, irin wanda ko kyauta aka kawo mini a kasuwa ba zan karɓa ba. Tun ban san kaina ba nake sa hannu a cikinsa tare da Yaya.

Innarmu ta rasu ina 'yar shekara biyu, ko fuskarta ban riƙe ba. Yaya ta girme ni da shekara goma sha huɗu, ita ta ɗaura ni a baya. Da ta yi aure ma cikin dangi ta yi, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinta da na Baba, don haka ban taɓa barin gindinta ba sai ranar da aka kai ni Parakou gidan miji. An ce bayan rasuwar Inna na ƙi koko, na ƙi tuwo, na ƙi nonon saniya, har an fara cire rai da ni. Yaya ce ta gano dabara: ta tauna nama ko doya ta sa mini a baki, in haɗiye. Wannan labari shi ne abin alfaharinta. Duk taron suna ko biki, in baƙuwa ta tambaya wace ce wannan, sai Yaya ta dafa kafaɗata ta ce, "Autarmu ce. Wannan da kuke gani, da bakina na raine ta." Ina yarinya nakan ji kunya, da na girma nakan harare ta in ce ta bari mana, ga furfura a kaina. Ba ta taɓa bari ba, ni ma a raina ban taɓa so ta bari ba.

Cin kwano ɗaya a gidanmu ba wasa ba ne. Kakanninmu fatake ne masu bin hanyar Gwanja da goro, a Djougou suka yada zango har zangon ya zama gida. Baba yakan ce a hanya madugu ba ya sa mutum rantsuwa, ƙwaryar tuwo yake turo masa. Wanda ya sa hannu, an zama ɗaya. Wanda ya koma gefe da nasa, to ɗayan biyu ne: ko yana zargin wani da mugun nufi, ko shi ne mai mugun nufin. Jakuna sun ƙare, manyan motoci ke ɗaukar goro yanzu, amma maganar tana nan daram a gidan.

Ciwon cikina kuwa ba zan iya cewa ga ranar da ya fara ba. A wurinmu ciwon ciki ba ciwo ba ne, kanwa ake jiƙa masa. Na taso na ga ƙoƙon jar kanwa a gindin randa, na yi aure na kafa nawa a gindin tawa randar. In ciki ya kumbura in kurɓa, in yi gyatsa mai ƙarfi, in ce alhamdu lillahi, iska ta fita. Daga baya na ƙara da ƙwayoyin farmasi, waɗanda ake cewa suna kashe tsamin ciki. Maƙwabciyar rumfata ce ta nuna mini su, na riƙe su kamar carbi, kowace asuba sai na haɗiyi ɗaya. Shekara nawa na yi a haka, Allah kaɗai ya sani.

Bayan rasuwar maigidana abin ya tsananta. Ɗana yana aiki a Cotonou, 'yata tana aure a Yamai, gidanmu na unguwar Ladjifarani mai ɗaki huɗu ya rage daga ni sai kaji. Wanda bai taɓa tuƙa tuwon mutum ɗaya ba bai san abin da nake faɗi ba. Hannu ya saba da mudu, sai in ga na tuƙa na mutum biyar, in zauna in zuba masa ido. Loma uku nake yi in ji kamar na cinye akushi. Nama kuwa in na ci da rana, har washegari yana nan zaune a ƙirjina. Zanena ya fara zagaye ni sau biyu, tafin hannuna ya yi fari, in na miƙe daga kujera sai kasuwar ta juya mini. Mutane suka ce takaba ce, zai wuce. Takaba ta ƙare, shekara ta zagayo, bai wuce ba.

Ranar da jiri ya kayar da ni a kan jerin samira har uku suka lotsa, ranar na yarda na tafi asibiti, kuma takaicin samirun ne ya kai ni. Likitan matashi ne, sa'an ɗana, yana haɗa Faransanci da Dendanci don in gane. Ya ja fatar idona, ya danna cikina, ya tambayi abin da nake sha. Na zazzage masa jakata a kan tebur ina jiran yabo. Ya tattara su gefe guda ya ce duk in ajiye, har kanwar, na tsawon mako biyu, domin in ina shan su analiz, wato gwajin da za a yi mini, ba zai faɗi gaskiya ba, ƙwayar cutar da yake zargi takan lafa ta ɓuya. Na ce masa ni na zo a ƙara mini magani, shi kuma ya ƙwace wanda nake da shi. Ya yi dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Da mako biyun suka cika aka ɗebi jinina, sannan aka miƙo mini 'yar roba mai murfi, da ɗan cokali manne a jikin murfin, aka ce in kawo bayan gidana da safe. Sai da na sa ma'aikaciyar ta maimaita, ba don ban ji ba. Ni da na yi shekara talatin da miji ban taɓa ɗaukar buta yana kallo ba. Na naɗe robar a leda uku, na ƙulle a tsumma, na cusa a ƙasan jaka, na hau zemijan, babur ɗin haya, ina rungume da jakar kamar satowa na yi. Duk ramin da babur ɗin ya faɗa sai gabana ya faɗi. A ƙofar wurin gwajin kuma, don Allah ya nuna mini iyakata, na yi kiciɓis da wata mai sayen kaya a wurina. Ta tsaya gaisuwa tun daga kasuwa har kan jikoki, tana ta miƙo hannu wai ta riƙe mini jaka.

Bayan wannan aka ce sai an leƙa cikin da kansa. Aka hana ni ci da sha, na zo da safe na zauna a benci. Kowa a layin da ɗan rakiyarsa, wannan da matarsa, waccan da 'yarta tana yi mata fifita. Ma'aikaciyar ta duba takardata ta ce, "Mama, wa ya rako ki?" Na ce yana tafe. Babu wanda ke tafe. Ban gaya wa 'ya'yana ba don kar in ta da musu hankali, ban gaya wa Yaya ba don na san za ta hau mota da ƙafarta mai ciwo. Aka kwantar da ni a gefe, aka fesa mini wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, aka zura wata igiyar roba mai fitila a kai. Ina kakari, hawaye na gangarowa cikin kunnena, hannuna na lalube ko zai sami abin riƙewa, sai ƙarfen gado ya samu. Ban taɓa jin kaɗaici irin na waɗannan 'yan mintoci ba, ko ranar da aka fita da gawar maigidana, domin ranar gidan cike yake da mutane.

Da sakamako ya fito, likita ya zana mini tumbi a bayan takarda. Ya ce a cikin kowa akwai ruwan tsami da ke narkar da abinci, yana kuma kashe ƙazantar da ta biyo shi. Nawa ba yawa ya yi ba, ƙaranci ya yi. Wata ƙwaya ce, ya kira ta mikrob, ta daɗe zaune a bangon tumbina tana ci, har wuraren da ke fitar da ruwan suka gaji. Shi ya sa nama ba ya narkewa, shi ya sa jinina ya yi ƙasa. Ni kuwa shekara da shekaru ina zuba kanwa da ƙwaya a kan ɗan abin da ya rage. Na ce masa, wato murhu na neman mutuwa, ni kuma ina yayyafa masa ruwa ina mamakin tuwo bai nuna ba. Ya ce kusan haka. Ya rubuta mini magani na kwana goma sha huɗu, safe da yamma, da allurar ƙarin jini. Ya ce in na gama in jira mako huɗu ba tare da na taɓa komai ba, sannan a sake gwaji a ga ko ta mutu.

Na riga na miƙe sai na tambaye shi ko ana ɗauka. Ya ce ana ɗauka, amma ba kamar mura ba. Yawanci tun ana yara ake samunta a gida, ta ruwan sha, ta hannu, ta bakin wanda ke ciyar da yaro, kuma mutane da yawa suna da ita har su tsufa ba ta dame su ba. Ya ce in riƙa wanke hannu da sabulu, in kula da ruwan da nake sha. Iyakar abin da ya ce ke nan. Tsakani da Allah bai ce in ware kwano ba. Ni ce da kaifin basirata na yanke hukunci a kan zemijan kafin in isa gida: rigakafi ya fi magani, ba zan sa hannu a kwanon kowa ba sai takarda ta ce na rabu da ita. Yaya ta tsufa, in wannan abu ya shige ta ba za ta iya da igiyar roba ba. Ɗaya maganar kuwa, ta bakin wanda ke ciyar da yaro, na ji ta sarai, sai na tura ta can ƙasan zuciya na danne.

Ina cikin kwana na tara na magani, bakina ɗaci kamar na tsotsi tsohon ƙarfe, sabuwar doya ta fito. Kowace shekara nakan rufe rumfa in tafi Djougou mu ci sakwarar farko ni da Yaya, ban taɓa fashi ba ko da ciki ko da goyo. Na hau taksi da 'yar langata da cokali a jaka. A hanya na yi ta shirya yadda zan yi mata bayani, amma duk ta inda na ɓullo sai in ci karo da robar nan mai murfi. Ta yaya zan dubi Yaya in ce an duba bayan gidana? Kuma gidanmu ba a rufe magana. Bazawara, ta rame, ta ce tana da ƙwayar cuta, ta ware kwano: kafin la'asar unguwa ta raɗa wa cutar wani suna, kowa ya san wanne. Na ce a raina in yi shiru kawai, mako biyar kamar yau ne.

Doyar daga Sérou aka kawo, matar ɗan Yaya ta daka ta har tana sheƙi. Miyar gyaɗa ce, da wagashi, cukun nan da Fulanin wajen Bariénou ke kawowa, an soya shi ya yi ja. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Yaya, aka ajiye tsohon kwano a tsakiya. Ta wanke hannu, ta turo mini ruwan, ta yi bismilla. Ɗabi'arta ce tun ina ƙarama, kafin ta kai loma bakinta sai ta zaɓi yanka mafi girma ta turo shi gefena da ɗan yatsa. Yatsan na kan wagashin ke nan na zaro langata, na sa cokali na yanki sakwara daga gefen da hannunta bai kai ba, na ɗebi miya, na ja baya kaɗan.

Ta dubi langar, ta dube ni. "Wannan fa, Auta?"

Na ce likita ne ya ce in riƙa auna abinci.

"Ki auna da hannunki mana. Ko hannun ma likita ya karɓe?"

Na yi 'yar dariya, na ce ba komai, ta ci kawai. Sai ta ce a hankali, "Wa ya gaya miki wata magana a kaina?" Na ce wace irin magana kuma, babu. Ta janye yatsanta daga kan wagashin. Ta yi loma biyu ko uku, ta wanke hannu, ta ce a zo a ɗauke. Yankan nan yana nan a tsakiyar kwano aka fita da shi.

Da yamma na leƙa madafa, matar ɗan nata ta ja ni gefe. Yarinya ce mai hankali, ba ta da yawan magana, sai da ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito fili. Ta ce tun da na fara ramewa ake ta ƙus-ƙus a dangi wai a abinci aka ba ni, har wani ya je wurin mai duba ya tambayo aka ce masa hannun na kusa ne. Ni kuwa duniya ta shaida tsantsanina, ba na cin abincin biki, ba na cin na maƙwabta, daga girkina sai na Yaya. Maganar ta kai kunnen Yaya tun watannin baya, ta yi dariya ta ce bari Auta ta zo su ga inda za ta sa hannu. Yau ga shi na zo, kowa ya ga inda na sa.

Mai hankali da a take ya koma ɗaki ya durƙusa ya faɗi gaskiya, kunya ta tafi inda za ta. Ni kuwa zuciya ce ta ɗebe ni. Na ce a raina, shekara hamsin da ɗoriya muna tare, in har Yaya za ta yarda ina zarginta da sammu, to ba ta san ni ba, kuma ba ni zan bi ta ina rantse-rantse ba. Takarda za ta yi magana in lokaci ya yi. Kwana uku na saba yi, washegari da hantsi na ce kasuwa na jirana. Ta rako ni har zaure kamar kullum, ta yi mini addu'a kamar kullum, amma ba ta riƙe mayafina tana cewa in ƙara kwana ba.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo da na sani. Na gama magani, na shiga jira. Cikina ya fara sauƙi, amma wa zan gaya wa? In dawo daga kasuwa, in buɗe ƙofa, in yi sallama kaji su amsa. In zuba abinci a langa in zauna a bakin ƙofar ɗaki ina jin maƙwabta ta bayan katanga suna faɗa a kan wa ya cinye nama, in ji ina ma a ce da ni ake faɗan. Ranar Juma'a nakan kira Yaya a waya. Da, sai kuɗin wayar ya ƙare muke rabuwa. Yanzu daga ina gajiya, ya ƙafa, ya mutan gida, sai ta ce to a gai da Parakou.

Abin da ya fi ci mini rai saƙo ne. Kowane wata Yaya takan ba wani direban taksi ƙullin kaya ya kawo mini: daddawa, kuka, yaji dakan hannunta, wani lokaci har da soyayyen wagashi. Watan nan ma direba ya tsaya a bakin rumfa ya miƙo ƙulli. Na kwance da ɗoki. Sabulun salo ne curi biyu, da tsintsiya, da soso. Babu ko ƙwayar abin da ke shiga baki. Na zauna a cikin kwanukana na yi kuka, maƙwabciyata na tambaya ko rasuwa aka yi, na ce mata hayaƙi ne.

Da mako huɗu suka cika na sake ɗaukar robar nan, wannan karon ko leda ta biyu ban nema ba. Sakamako ya fito, likita ya ce babu ita, ta mutu. Ya ce tumbin zai daɗe yana farfaɗowa, wataƙila ma ba zai koma kamar da ba, in ci gaba da allura, in kuma rabu da kanwa. Ban tsaya jin ƙarshen bayanin ba. Na ninke takardar na sa a lalita, washegari na kama hanyar Djougou ina ta murmushi ni kaɗai, har wadda ke kusa da ni a taksi ta matsa.

Na isa kafin azahar. Aka yi mini sannu da zuwa, aka kai jakata ɗakin baƙi, ba ɗakin Yaya ba. Bayan salla matar ɗanta ta shigo da tire, kanta a sunkuye. Langa ce sabuwa mai murfi, cikin saitin da ni da kaina na ba Yaya shekarun baya na ce ta ajiye don manyan baƙi. Ga cokali a naɗe, ga ruwan leda ba na randa ba. Yarinyar ta ce, kamar mai karanta abin da aka haddace mata, ita ta girka da hannunta a tukunya daban, Yaya ko madafar ba ta shiga ba.

Na sunkuci langar na nufi ɗakin Yaya ko takalmi ban sa ba. Tana zaune a tabarma, tsohon kwano a gabanta, ita kaɗai. Na dire langar, na zaro takardar na shimfiɗa mata a cinya, duk da na san ba ta karanta boko. Na zazzage mata komai, tun daga samirun da suka lotsa, da robar, da igiyar, da bencin da na zauna ba mai rako, da ƙwayar, da maganin kwana goma sha huɗu. Na ce don ita na ware kwano, don kar in shafa mata. Na ce ga shi an ce na warke.

Fuskarta ta saki, na ga idonta ya kawo ruwa. Ta kira ni sakarya, ta ce da na mutu a kan gadon nan fa, wa za ta tambaya? Na amsa laifina. Da a nan muka tsaya da shi ke nan. Amma Yaya in hankalinta ya kwanta sai ta yi faɗa, ni kuma ban iya haɗiye faɗa ba. Ta fara: ai dole, zaman Parakou, abincin titi, shinkafar leda, ta sha gaya mini in dawo gida bayan takaba na ƙi, ga shi na je na kwaso ƙazantar birni. Ta maimaita, ta sake maimaitawa. Ni da ban taɓa cin abincin titi ba. Na ji abin ya taso mini tun daga ƙasan zuciya, inda na danne shi.

Na ce, "Ba a Parakou na samo ta ba, Yaya. Likita ya ce tun ana yara ake ɗauka, daga bakin wanda ya ciyar da mutum."

Magana zarar bunu. Ina rufe baki na so in kamo ta, ta riga ta tafi. Yaya ta ɗaga hannunta na dama ta dube shi, ta taɓa leɓenta da shi, ta mayar kan cinya.

"Ashe dai masu magana ba su yi ƙarya ba," in ji ta. "Hannun na kusa ne."

Na shiga kame-kame. Na ce ba haka ya ce ba, ya ce yawanci, ya ce har da ruwan rijiya, ya ce rabin gari na da ita, wa ya sani ko tun daga Inna ne. Na ce da ba ta tauna ta ba ni ba, da yanzu ƙasa ta daɗe da cinye ni, kuma wannan gaskiya ce. Tana ji tana gyaɗa kai kamar ana ba ta labarin wasu mutane. Da na ga magana ba ta yi, na jawo ruwa na wanke hannu, na yi bismilla, na miƙa hannu cikin tsohon kwano. Kafin yatsuna su taɓa tuwon ta cafke wuyan hannuna. Ban san tsohuwa na da ƙarfi haka ba.

"A'a, Auta. Kin sha wuya kin rabu da ita. Ba zan mayar miki ba."

Na koma wurin likita na tambaya. Ya ce babba ba kasafai yake sake ɗauka ta haka ba, kuma in hankalinmu bai kwanta ba in kawo ta a gwada ta, in tana da ita a ba ta magani. Na kai wa Yaya wannan da gudu. Ta ce a shekarunta ba za ta kai wa yaro sa'an jikanta bayan gidanta a roba ba, ita da kanwarta mutu ka raba. Na yi lallashi, na yi fushi, na turo ɗana ya yi mata magana, na ce to ni na yarda in sake kamuwa, jikina ne. Ta ce jikin ai ita ta raine shi, tana da ta cewa.

Yanzu cikina yana karɓar nama, zanena ya koma zagaye ɗaya, ƙullin daddawa ya dawo yana zuwa kowane wata. In na je Djougou a ɗakinta nake kwana, tabarma ɗaya muke zama mu ci. Ita da tsohon kwano, ni da langa. Ta sa an sayo mata cokali na musamman, ita da ba ta taɓa cin tuwo da cokali ba, da shi take ɗauko babban yankan wagashi ta sa mini a langa, ta ajiye shi gefe, sannan ta sa nata hannun a kwano. Kullum sai na ce Yaya, don Allah. Kullum sai ta ce ci abincinki.

Watan jiya aka yi suna a gidanmu, tsakar gida cike da mata. Ina zaune kusa da Yaya tana raba goro, wata baƙuwa daga dangin mai jego ta gaishe ta, ta nuna ni ta ce, wannan fa, Hajiya?

Yaya ta ce, "Autarmu ce, daga Parakou."

Na gyara kafaɗa ina jiran hannunta, ina jiran sauran maganar. Ta juya ta ci gaba da raba goro.